Muƙamuƙin Ɗan Mai Ɗori

Aliero, bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga ƙanena Abdussalam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Humaira da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in ta ga dama. Albasa ta shiga rudun ajiya, zafi kuwa sai wanda ya gani.

Na san za ka juya takardar nan kana tambayar wace ce kuma Shafa'atu. To ni ce ɗiyar Malam Ayuba mai ɗori, wadda ta goya ka a bikin Giwa Tazo ka jiƙa mini sabon zane. Kakarka Gudiya da kakata Kande ciki ɗaya suka fito, saboda haka ba ka da wurin gudu. An ce zumunta a ƙafa take, amma tawa ƙafar aikin koyarwa ya riƙe ta, shi ya sa na ba Lawali direba saƙo tunda kullum yana hanyar Sakkwato. Kada ka ce me ya hana ni bugo maka. Salulata tana ƙasan rijiyar lambu tun bara, ta Baba kuwa in ka yi magana a cikinta har maƙwabta sai sun sa baki. Wannan magana ba ta tsakar gida ba ce.

A kan ƙanena Naziru ne. Shekarun baya ya faɗo daga saman motar albasa a kasuwar Jega, haɓarsa ta daki bakin bodi, muƙamuƙin ƙasa ya karye. Baba ya ɗora shi da hannunsa, ya naɗe masa kai da ƙyalle. Ƙashi ya kama, amma a karkace ya kama. Haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗuwa sai ta gefe ɗaya. Ba ya tauna nama, ba ya tauna rogo, tuwo ma sai an dama masa da miya kamar ɗan yaye. In yana magana miyau na zubo masa. Yaron da ke ja wa liman baƙi a masallacin unguwarmu, yanzu ko sallama zai yi sai ya sa hannu ya kare baki. Wallahi abin yana ci mini rai.

Ka dai san gidanmu. Daga Nijar ma ana kawo wa Baba karaya, a shigo da mutum a kan tabarma ya fita da ƙafarsa. Ga ɗansa na cikinsa zaune a ƙofar zaure da karkataccen baki, duk mai shigowa sai ya gan shi. Baba ba ya tada maganar. Amma na sha ganinsa yana kallon Naziru na fama da loma, sai ya ture nasa kwanon ya tashi.

An ce mini kai nas ne a ɗakin da ake tiyatar baki. Ka gaya mini gaskiya, ana gyara irin wannan, ko mu haƙura?

Yayarka,
Shafa'atu


Sakkwato

Yaya Shafa'atu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma ban manta ki ba, ko da yake batun zane ba ni da shaida. Muna lafiya. Humaira na gaishe ki, ta ce a gaida Inna da ƙafa.

Ana gyarawa. Na nuna wa likitanmu bayaninki, ya ce a kawo Naziru a ɗauki hoton ƙashin. Amma bari in gaya miki yadda aikin yake tun yanzu, don ki san ta inda za ki bi da Baba.

Za a sa shi barci, a shiga ta cikin baki, a yanke ƙashin daidai inda ya kama a karkace, a jera haƙoran sama da na ƙasa har su zauna a kan juna. Wannan duk ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce abin da zai riƙe ƙashin kada ya motsa har ya kama, kuma hanya biyu ce.

Ta farko, a ɗora ɗan siririn ƙarfe a kan wurin, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, mu faranti muke ce masa. A ɗaure shi da 'yan ƙananan kusoshi masu murɗi, a rufe nama a kai. Ba ya tsatsa, ba a ganinsa, yawanci nan yake zama har ƙarshen rayuwa. Bayan 'yan kwanaki mutum yana buɗe baki, yana cin abu mai laushi, yana magana.

Ta biyu, a bi haƙoran sama da na ƙasa da siririyar waya, a ɗaure su da juna tamau, bakin ya zama shi ne karan ɗorin kansa. Mako shida ba buɗewa. Abinci sai mai ruwa, ta gefen kumatu. Mutum yana ramewa ƙwarai. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne amai, don in ya taso ba shi da ƙofar fita, sai ya koma hanyar numfashi.

Duka biyun suna kama ƙashi. Amma da ɗana ne, faranti zan zaɓa ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Ƙanenki,
Abdussalam


Aliero, farkon Zulƙida

Abdussalam,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma har yanzu alkawari yake yi.

Na karanta wa Baba takardarka bayan la'asar, da zaure ya yi sauƙi. Na zaci zai ce in tashi in ba shi wuri. Sai ya sa na maimaita wurin yanke ƙashi. Ya ce haka ne, ƙashin da ya kama a karkace ba ya jin lallashi, sai an sake karya shi. Ya ce ya daɗe da sanin haka, hannunsa ne ya ƙi ya yi wa ɗansa. Ban taɓa jin ya faɗi abin da ya kai wannan ba, na sunkuyar da kai don kada ya ga idona.

Da na zo kan faranti sai fuskarsa ta canza. Ya ce mutum nawa aka kawo masa daga asibitoci da ƙarfe a cinya, wuri yana ruwa yana wari, su asibitin sun ce a yanke ƙafa. Na ce masa wannan daban, na baki ƙarami ne, kuma waɗanda nasu ya yi kyau ai ba su zuwa Aliero balle ya gan su. Inna ta mintsine ni.

Ya ce, "Ɗori baƙo ne, Shafa'atu. Shina zuwa, shi taimaki ƙashi, shi tafi. Abin da za a binne mutum da shi ba ɗori ba ne."

Ta wayar kuwa ta kwanta masa a rai nan take. Ya ce wannan ita ce aikin hankali, ɗauri daga waje, ƙashi ya yi aikinsa, ranar kwancewa a kwance. Har yana cewa ashe su ma likitoci a wurin kakanninmu suka gani. Na kawo maganar yunwa, ya ce yunwar mako shida ba ta kashe saurayi. Na kawo maganar amai, ya ce amai ba ya zuwa sai da sanarwa.

Na ja Naziru gefe na ce kai ne mai bakin, shekararka ashirin da wani abu, ka yi magana. Ya ce shi dai a gyara, ko da igiyar guga ce. Ya ce in ya zaɓi abin da Baba ya ƙi, kamar ya ce wa duniya hannun Baba ne ya ɓata shi. Ka ji irin yaron.

Raina bai so ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma shekara nawa muna jiran tsohon nan ya yarda a taɓa bakin, yau ya yarda. Da babu gara ba daɗi. In sun zo kada ka ja da shi, kada garin neman gira mu rasa ido. Baba da Inna za su rako shi, ni jarrabawar yara ta tsare ni.

Shafa'atu


Sakkwato

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ga su nan na sallamo miki su, wannan takarda a hannun Inna na ba da.

Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau. Likita ya sake gwada Baba a kan faranti, da ya ga ba hanya, Naziru kuma ya sa hannu a kan waya, sai aka yi ta. Bayan an gama an nuna wa Baba hoton. Ya daɗe yana kallo, ya bi layin yankan da farce, ya tambayi likita ko ya bar gefen hagu ya ɗan sauka saboda tsokar da ta saba ja. Likita ya ce haka ya yi. Sun rabu suna girmama juna.

Yanzu aiki ya dawo hannunki. Kunu, koko, fura da nono a dama ruwa-ruwa a tace, romon nama a tace, madara, ƙwai a kaɗa a cikin kunu. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da sirinjin da muka ba shi. Bayan kowane ci ya kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi.

Babban abin da nake roƙonki, kada a kwance wayar nan kafin ranarta. Mako na uku shi ne mugu. Kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi, yunwa ta taso, sai mutum ya ga ai ya warke. Na ga manyan mutane masu gemu suna kuka suna roƙon a buɗe musu. Komai kukansa kada ku tausaya masa. In ƙashin ya gurɗe yanzu, duk wahalar nan ta tashi a banza, kuma yankan na biyu ya fi na farko wuya.

Za ki ga ɗan almakashi a rataye a wuyansa. Na yanke waya ne, saboda amai. Na nuna wa Naziru da Baba inda ake yankewa.

A dawo da shi ranar da aka rubuta a katinsa.

Abdussalam


Aliero, bayan babbar Sallah

Ƙanena,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan kun yi layya lafiya. Ruwa ya sauka sosai, kowa yana gona, sauro kuma ya zo da danginsa duka.

Bakinka da goro, mako na ukun nan ya zo daidai da Sallah. Naziru ya rame har wandonsa sai da na ƙara wa mazagi ƙulli. Ba ya ƙorafi, da me zai yi? Allo na samo masa irin na 'yan aji ɗaya yana rubuta mana abin da yake so. Ranar Sallah unguwa duk ta ɗauki ƙamshin suya, gidanmu ma rago biyu aka kafe a tsakar gida. Na tace masa romo na kai, ya kalli kofin, ya kalle ni, ya rubuta a allo wai ko kare an jefa masa ƙashi yau. Na yi dariya a gabansa, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Washegari na neme shi ban gan shi ba. Can na same shi bayan rudun albasa, ya ciro madubin babur ya jingina, almakashin nan yana cikin bakinsa. Ya riga ya yanke waya ɗaya ta gefen dama. Ga tsokar hanta a ganye kusa da shi. Na yi masa tsawa, na ƙwace, hayaniyar ta fito da Baba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya zaunar da shi, ya duba, ya ce sauran suna riƙe, ya lanƙwashe bakin wadda aka yanke don kada ta soki leɓe. Sannan ya zare igiyar daga wuyan Naziru ya sa almakashin a aljihun rigarsa. Ya ce a gidan nan tun zamanin kakansa ba a barin wuƙa ko aska kusa da wanda aka ɗora, don ranar da ƙaiƙayi ya taso ba mai hankali. Ya ba mu labarin wani mutumin Maiyama da ya yanke ɗaurinsa da lauje saura kaɗan ya warke, har yau da sanda yake tafiya. Ya ce ba wanda ke ba mayunwaci mabuɗin rumbu ya ce ya yi gadi.

Na tuna masa maganar amai. Ya ce, "Ina za ni? Ga ni zaure, ga shi ɗaki. In ta taso ni zan yanke, hannuna ya fi nashi sauri."

Na auna, na ga kai ma abin da ka fi ja mini kunne a kai ke nan, ka ce komai kukansa kada mu tausaya masa. Na kuma ga da idona abin da ya yi da almakashin. Sai na bar wa Baba almakashin. Gaskiya tun ranar nake barci da daɗi.

Abin da ke damuna shi ne wayar da ya yanke. Ba za ta sa ƙashin ya gurɗe ba? Ko mu kawo shi a sake ɗaurawa? Jiya kuma jikinsa ya ɗan yi zafi, mai kemis ya ba mu maganin zazzaɓi na ruwa.

Shafa'atu


Sakkwato

Yaya Shafa'atu,

Sallama. Ki yafe mini gajarta gaisuwa.

Ki mayar masa da almakashin a wuyansa yau ɗin nan. Wayar da ya yanke ba komai ba ce, ko uku ya yanke ana gyarawa. Ƙashi in ya gurɗe muna da yadda za mu yi da shi. Numfashi in ya tsaya ba mu da shi. Amai ba ya jiran a kira mutum daga zaure, ga shi kin ce zazzaɓi ya kama shi, zazzaɓin damina kuwa da amai yake tafe.

Na bugo wa Baba da na gama karanta takardarki. Mun gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na yi masa bayani har sau biyu. Ya ce in kwantar da hankalina, almakashi yana hannu nagari. Na roƙe shi ya ba ki salular, ya ce kina makaranta. Na san wannan muryar, bai ji ba.

In ya hana, ki ɗauke a aljihunsa yana alwala. In kin kasa, ki je wurin masu gyaran rediyo ki sayi ƙaramin abin yanke waya mai siririn baki, ki ɗaura a bakin zanenki, kada ki bar Naziru shi kaɗai. Fushin Baba ni zan ɗauka.

Abdussalam


Aliero

Abdussalam,

Assalamu alaikum. Mun ga saƙon ta'aziyyarku, Allah Ya ba da lada. Inna tana nan, ba ta ci sai an matsa mata.

Takardarka ranar sadakar uku ta iso. Injin motar Lawali ya buga, ta kwanta a gareji a Jega, takardar tana cikinta. Ya kawo da kansa yana rantse-rantse. Na ce ya bari, ba shi ya yi ba. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, mata suna shiga suna fita da kwanoni.

Ka ce a gaya maka yadda aka yi. Ba wanda zai gaya maka sai ni, don ni ke wurin.

Da safe wasu mutanen Gumbin Kure suka zo a kan babur, sa ya taka wani manomi wurin huɗa, cinya ta karye, ba ya ɗaukuwa. Baba ya shiga ya taɓa goshin Naziru, ya ji zazzaɓin ya sauka, ya ce ba zai daɗe ba. Ya ɗauki jakarsa ya hau. Rigar jiya ce a jikinsa, almakashin yana aljihunta. Bai tuna ba, ni ma da na gaishe shi zan tafi makaranta ban tuna ba.

Na dawo bayan azahar na sami jikin ya sake zafi. Na ba shi kunu da magani, ya sha rabi. Ina wanke sirinjin sai na ji ya tashi zaune. Ya dube ni, ya kai hannu wuyansa yana laluben igiyar. Sai abin ya taso. Ta hanci ya fito, Abdussalam.

Na kifa shi, na ɗauko wuƙar yanka albasa, ta ƙi shiga tsakanin haƙora. Inna ta kawo almakashin ɗinki, ya lanƙwashe a hannuna. Auwal maƙwabcinmu ya ruga ya karɓo filaya wurin mai gyaran babur, bakinta ya yi kauri, sai leɓe take kamawa. Duk wannan yana riƙe da zanena, idonsa a kaina. Na sa yatsu ina jan wayar har ta yanke ni. Ɗaurin likitanku ya yi kyau, ko motsi bai yi ba. Muka sa shi a keke mai ƙafa uku muka nufi asibitin gari, kafin mu kai kwanar titi ya saki zanen.

An bugo wa Baba yana kan ɗaure cinyar mutumin. An ce sai da ya gama ƙullin ƙarshe sannan ya tashi.

Kana tambaya ko ina jin haushinsa. Ina ji. Ina jin naka ma, da ka cika takarda da mako na uku ka ba almakashi layi biyu. Nawa kuwa ya fi duka, ni da na ce ina barci da daɗi. Na san kwana ne ya ƙare, ana ta gaya mini, ni ma ina gaya wa Inna. Zuciyata dai ba ta karɓa ba tukuna.

Da Baba ya iso mun riga mun dawo da shi, yana kwance a ɗakin Inna, masu wanka suna jira a waje. Liman ya aiko a cire wayar kafin a yi masa sutura. Baba ya ce ba mai taɓawa. Ya durƙusa, ya sa hannu a aljihu ya fito da almakashin, igiyar tana naɗe a jikinsa yadda ya naɗe ta. Ya ɗaga leɓen a hankali, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, daidai inda ka nuna masa. Ko minti biyu bai yi ba.

Sai na ga ya ajiye almakashin ya kama fuskar da hannu biyu. Ya bi ƙashin da yatsu tun daga gindin kunne har haɓa, yadda yake yi wa kowa ranar kwance ɗori, ya dawo ta ɗaya gefen. Ya buɗe bakin, ya rufe. Haƙoran suka zauna a kan juna, hagu da dama. Ya sake buɗewa, ya sake rufewa.

Ya ce, "Ya kama. Daidai ya kama."

Daga nan aka ɗauki Naziru. Tun ranar mutane na zuwa da karaya, Baba ba ya fitowa, ƙanensa ke fita ya duba su.

Ka gaya wa likita aikinsa ya yi kyau.

Yayarka,
Shafa'atu